Yaya dutse zai ci wuta? Tarihin majami'ar Notre-Dame ta birnin Paris

Ranar Litinin 15 ga watan Afrilu na 2019, ana shirin sallar magariba a nan ƙasarmu, talabijin ya nuna wa duniya wata doguwar hasumiya mai tsini tana karyewa cikin harshen wuta, ta faɗa cikin rufin da ta shekara 160 tana tsaye a kansa. Washegari da na shiga aji, ban kai ga buɗe littafi ba wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce: «Mushe, ai kun ce mana da dutse aka gina ta. To yaya dutse zai ci wuta?» Ƴan ajin suka yi dariya, ni kuwa na ga ta yi tambayar da ta fi darasin ranar amfani. Duk wanda ya bi ta lise a ƙasar nan ya san sunan Notre-Dame daga littafin Victor Hugo, amma kaɗan ne aka taɓa yi wa bayanin yadda ginin yake tsaye, da abin da ya hana shi faɗuwa fiye da shekara 860.

Amsar da na ba ɗalibar a ranar gajeruwa ce: itacen da ke bisa dutsen ne ya ci wuta. Amsar da ta cancanta ta fi haka tsawo, ita ce kuma nake so in shimfiɗa wa mai karatu a nan. Wanda ya bi tarihin wannan majami'a zai tarar sau da yawa ta kai bakin halaka, kuma kowane karo abin da ya fishe ta shi ne an samu mutanen da suka san aikin, suka kuma samu abin dubawa da zai nuna musu yadda na farko suka yi.

Tsibiri, kujera da suna

A tsakiyar kogin Sen akwai wani ɗan tsibiri mai suna Cité, wanda shi ne cibiyar tsohon birnin Paris. Tun zamanin Rumawa, lokacin da ake kiran garin Lutetia, akwai wuraren bauta a kansa. A farkon ƙarni na 18 masu haƙa a ƙarƙashin majami'ar sun tono duwatsun wani ginshiƙi da masu jiragen ruwan kogin suka kafa wa gumakansu. Da addinin Kirista ya kafu, sai aka gina majami'u a wurin, babba daga cikinsu ita ce ta Saint-Étienne.

Kalmar Faransanci cathédrale ta samo asali ne daga sunan kujerar da bishop, wato shugaban limaman Kirista na wani yanki, yake zama a kanta. Ashe kujerar ce ke ba majami'a wannan matsayi, ko ginin babba ne ko ƙarami. Notre-Dame kuwa ma'anarsa «uwargijiyarmu», ana nufin Maryama mahaifiyar Annabi Isa, wadda Musulmi ma suka san darajarta.

A 1160 aka naɗa Maurice de Sully bishop na Paris. Ɗan talakawa ne daga wani gari na bakin kogin Loire, karatu ya ɗaga shi. Ya tarar da birnin yana bunƙasa: kasuwanci na haɓaka, makarantu na jawo ɗalibai daga ƙasashe, sarautar Faransa na ƙara ƙarfi a hannun sarki Louis na 7. Tsohuwar majami'a ta yi wa wannan birni kaɗan. A 1163 aka aza harsashin sabuwa, kuma bisa abin da aka gada a baki, Paparoma Alexandre na 3 ne ya aza dutsen farko. A 1182 aka keɓe babban bagadi, aka fara ibada a ɓangaren gabas alhali sauran ginin yana hannun magina. Sully ya rasu a 1196 bai ga fuskar majami'arsa ba. Hasumiyoyi biyu na gaba ba su kammalu ba sai wajen 1250, aikin gaba ɗaya kuwa sai wajen 1345. Yaron da ya ɗauko wa ubansa ruwa ranar aza harsashi, ko jikan jikansa da wuya ya ga ƙarshen aikin.

Yadda aka ɗaga dutse sama

Tsawon majami'ar ya kai mita 127, faɗinta mita 48, hasumiyoyin gaba mita 69, rufin dutse na ciki kuwa yana rataye mita 33 bisa kan mai ibada. Matsalar magini a nan ita ce wadda kowane maginin soro ya sani: rufi mai lanƙwasa yana danna ƙasa, yana kuma tura bango waje. In an ƙara tsawo, turin ya ƙaru. Maginan da suka gabata sun magance wannan da kaurin bango da ƙananan tagogi, shi ya sa majami'unsu suke da duhu. Maginan yankin Paris na ƙarni na 12 suna son tsawo da haske a lokaci guda. An fara ganin sabuwar hanyarsu a majami'ar Saint-Denis, arewa da Paris, wadda aka keɓe sashenta na gabas a 1144, kuma hanyar ta dogara ga dabaru uku.

Ta farko ita ce baka mai tsini. Baka mai siffar rabin da'ira tana tura bango da ƙarfi, mai tsini kuwa tana saukar da mafi yawan nauyin ƙasa. Ba a Faransa aka fara ta ba: masallacin Ibn Tulun na Alƙahira, wanda aka gama a 879, cike yake da irin waɗannan bakuna, kuma masana da dama suna ganin ta hanyar Sisiliya da kudancin Italiya dabarar ta shiga Turai.

Ta biyu ita ce ɗaure rufi da haƙarƙarin dutse. Wanda ya taɓa ɗaga kai a cikin zauren sarki ya ga ɗaurin guga, inda bakunan azara da ƙasa suke tasowa daga bango su gamu a tsakiya, ya riga ya fahimci rabin zancen. A Notre-Dame haƙarƙarin na sassaƙaƙƙen dutse ne, suna giciye juna, suna tattara nauyin rufin su kai shi kan ginshiƙai. Abin da ke tsakaninsu ɓawon dutse ne marar kauri.

Ta uku ita ce madogara ta waje. Tunda nauyin ya taru a wurare ƙididdigaggu, sai aka tokare waɗannan wurare daga waje da wasu rabin bakuna da ke tsallake iska su sauka kan manyan ginshiƙai nesa da bango. Waɗanda ke kewaye da ƙarshen gabas, aikin magini Jean Ravy na ƙarni na 14, suna tsallake kimanin mita 15. Da bango ya huta da ɗaukar kaya, sai aka huda shi aka sa gilashi mai launi. Manyan tagogi biyu masu siffar fure, na arewa da na kudu, kowace faɗinta ya kai mita 13.

Akwai dabara ta huɗu da ta ɓoye ƙarni takwas. Bayan gobarar 2019 masu bincike sun tarar da manyan ƙusoshin ƙarfe masu baki biyu da ke ɗinke duwatsu da juna, awo kuma ya nuna waɗansunsu tun na shekarun 1160 ne. Ashe maƙeri yana cikin aikin tun ranar farko.

Sunan «gotik» da ake kiran wannan salon gini da shi zagi ne tun asali. Marubutan Italiya na ƙarni na 16 ne suka jingina shi ga ƙabilar Got, wadda suke ɗauka ta jahilai. A zamanin da ake ginin, «aikin Faransa» ake ce masa.

Kurmin da ke bisa rufi

Rufin dutse ba ya jure ruwan sama. Saboda haka aka ɗora masa wani rufi na biyu: ƙirar katako da aka lulluɓe da faifan dalma. Itacen kuwa shi ne wanda Faransawa ke kira chêne, mai ƙarfi da daɗewa kamar ƙirya. Yawan gumagumai ya sa ake kiran wannan wuri «kurmi», kuma mafi yawansa aikin masassaƙan ƙarni na 13 ne. Ɗanye suke sare itacen su fafe shi da gatari, suna bin jijiyarsa, su haɗa gungume da gungume da turakun itace. Ga amsar tambayar ɗalibata: wannan kurmi, wanda ya shekara kusan 800 yana bushewa, shi ne abincin wutar.

Hatta dodannin dutse da ke miƙo wuya daga bakin rufin suna da aikin yi. Indararo ne, suna tofar da ruwan sama nesa da bango don kada ya ci gindin gini, kamar dai yadda indararon soro yake yi.

Takardun zamanin ba su riƙe sunan maginin farko ba. Sai a tsakiyar ƙarni na 13 sunaye suka fara bayyana: Jean de Chelles, wanda aka sassaƙa sunansa a gindin ƙofar kudu, da Pierre de Montreuil da ya gaje shi. Sauran ɗaruruwan ma'aikata, masu fasa farin dutse a ramukan da ke gefen birnin, da masu kwaɓa farar ƙasa, da masu taka babbar ƙafar katako da ke jan kaya sama, abin da suka bari shi ne ƴan alamomin da wasu masassaƙan dutse suke karta wa aikinsu. Sana'ar tana wucewa ne daga ubangida zuwa yaronsa, a bakin aiki, shekara da shekaru.

Ɓarnar masoya da ta maƙiya

Ana yawan ɗora wa juyin juya halin 1789 alhakin lalacewar Notre-Dame, amma masu ita ne suka fara. A ƙarni na 17 da na 18 salon gotik ya zama abin kunya a idon masu mulki da limamai. A ƙarshen zamanin Louis na 14 aka sake fasalin wurin bagadi, aka rushe sassaƙaƙƙiyar katangar ƙarni na 13 da ke raba limamai da jama'a. A tsakiyar ƙarni na 18 aka cire mafi yawan tsofaffin gilasai masu launi aka sa farare, wai don a ƙara haske. A 1771 magini Soufflot ya fasa ginshiƙin tsakiyar babbar ƙofa don jerin gwanon bukukuwa ya samu hanya. Tsohuwar hasumiya mai tsini ta tsakiyar rufi, wadda Faransawa ke kira flèche, wato kibiya, ta raunana, sai aka sauke ta a ƙarshen ƙarnin maimakon a gyara ta. Duk waɗannan mutane suna ganin alheri suke yi wa ginin.

Sai maƙiya suka zo. A fuskar majami'ar akwai jerin mutum-mutumi 28 na sarakunan Yahuza. A 1793 ƴan juyin juya hali suka ɗauka sarakunan Faransa ne, suka jawo su ƙasa suka fille musu kai. An narkar da ƙararrawoyi don a yi igwa, in ban da babbar cikinsu mai suna Emmanuel, mai nauyin kusan tan 13. Ranar 10 ga Nuwamba na wannan shekara aka mai da wurin «ɗakin bautar Hankali», daga baya ma ya zama rumbun ajiye giya. A 1802 aka mayar da shi ga masu ibada, kuma ranar 2 ga Disamba 1804 Napoleyon ya ɗora wa kansa kambin sarauta a ciki, a gaban Paparoma Pie na 7. Don wannan biki sai da aka lulluɓe bangaye da yadudduka da allunan ado, domin ginin ya yi muni da yawa.

Kawunan sarakunan nan ba su ɓace ba. A 1977 ma'aikata masu haƙa a farfajiyar wani gida na Paris suka ci karo da 21 daga cikinsu a binne. Yau suna gidan tarihi na Cluny, wasu da sauran launi a fuskarsu, shaidar cewa majami'ar ƙarni na 13 fentin launuka gare ta.

Littafi da magini

A 1831 Victor Hugo, yana ɗan shekara 29, ya fitar da littafinsa Notre-Dame de Paris. Labarin yana gudana ne a 1482, tsakanin Quasimodo mai ƙusumbi, makaɗin ƙararrawa, da Esmeralda mai rawa. Ɗalibai sukan tsallake dogayen babukan da ke bayanin ginin don su koma ga labarin soyayya, alhali saboda waɗannan babuka aka rubuta littafin. Hugo ya zargi masu gyaran banza fiye da yadda ya zargi tsufa. Littafin ya samu karɓuwa ƙwarai, jama'a suka riƙa zuwa ganin wurin, suka tarar da duwatsu na zubewa. A 1837 gwamnati ta kafa hukumar kula da gine-ginen tarihi, a 1844 kuma aka danƙa gyaran Notre-Dame ga magina biyu, Jean-Baptiste Lassus da Eugène Viollet-le-Duc. Lassus ya rasu a 1857, abokinsa ya ci gaba har 1864.

Wahalar da suka fara fuskanta ita ce rashin hannu. An daɗe ba a yin irin wannan gini, saboda haka filin aikin ya koma makaranta, inda masassaƙan dutse da masu gilashi da maƙera suka sake koyon sana'a ta hanyar duban abin da ya tsira. Viollet-le-Duc ya auna, ya zana, ya rubuta kusan kome. Ya mayar da sarakuna 28 da ginshiƙin ƙofar da Soufflot ya fasa. Ya kuma ƙara abin da babu shi a da: dodannin da ke zaune bisa baranda suna kallon birni, waɗanda masu yawon buɗe ido ke ɗauka tsofaffi ne, nasa ne. A 1859 ya kafa sabuwar kibiya ta itace da dalma, mai tsawon mita 96, wadda ta fi ta farko tsawo da ado. A gindinta ya jera mutum-mutumi 16 na tagulla, ya ba ɗaya daga cikinsu kamannin fuskarsa, ya juya shi yana duban kibiyar.

An daɗe ana sukar Viollet-le-Duc da cewa ya gina majami'ar da ke cikin kansa. Sukar tana da tushe. Sai dai in ba don shi ba da wuya ginin ya kai ƙarni na 20, kuma zane-zanen da ya bari su ne suka yi rana bayan shekara 160.

Daga nan Notre-Dame ta zama dandalin ƙasa. Dokar 1905 da ta raba addini da gwamnati ta bar ginin a hannun gwamnati, limamai kuma suna amfani da shi. Ranar 26 ga Agusta 1944 janar de Gaulle ya shiga cikinta don godiyar ƴantar da Paris, harsasai na tashi. A filin da ke gabanta akwai alamar da ake auna nisan hanyoyin Faransa daga kanta. A 1991 UNESCO ta sa ta, tare da gaɓar kogin Sen, cikin kayan gadon duniya, kuma kafin gobara kimanin mutum miliyan 12 ke ziyartar ta kowace shekara.

Daren gobara

A farkon 2019 ana cikin gyaran kibiyar, an kewaye ta da matakalar ƙarafa. Ranar 11 ga Afrilu aka sauke mutum-mutumin tagulla 16 don a kai su wurin gyara, abin da ya cece su. Bayan kwana huɗu, wajen ƙarfe 6 da minti 20 na yamma agogon Paris, na'urar gargaɗi ta yi ƙara. Wanda aka aika dubawa ya nufi wani rufin dabam, aka yi asarar kusan rabin awa. Kafin a gano wurin, wuta ta kama kurmi. Gab da ƙarfe 8 kibiya ta faɗi. Fiye da tan 400 na dalma ya narke, ƙurarsa mai guba ta bazu a unguwannin kewaye.

Ɗaruruwan ƴan kwana-kwana suka yi ta fama. An ƙi zubo ruwa daga jirgin sama domin nauyinsa zai iya rusa ginin. Da wuta ta kai hasumiyar arewa, inda ƙararrawa takwas ke rataye a jikin katako, hatsarin ya kai matuƙa: in katakon ya ci, ƙararrawoyin za su faɗo su ja hasumiyar, ita kuma ta ja fuskar majami'ar. Wani ƙaramin rukuni ya hau cikinta ya tare wutar. Ba a rasa rai ko ɗaya ba, bincike kuma bai samu shaidar cewa da gangan aka sa wutar ba.

Da gari ya waye aka ga aikin maginan ƙarni na 12 da na 13. Rufin dutse ya fashe a wuri uku, amma sauransa ya tsaya, ya tare garwashi da narkakkiyar dalma. Manyan tagogi uku masu siffar fure sun tsira. Babbar orga, kayan kiɗan majami'a mai bututu kusan 8000, ta tsira, ko da yake ƙurar dalma ta cika ta.

Shekara biyar

Shugaba Emmanuel Macron ya yi alkawarin sake gini cikin shekara biyar, mutane da yawa suka ce cika baki ne. An tara gudummawar yuro miliyan 846, wato kusan miliyar 555 na kuɗin sefa, daga hannun mutum kimanin 340 000 a ƙasashe 150. Kuɗin ya jawo magana, domin iyalai uku daga cikin mafiya arzikin Faransa sun yi alkawarin yuro miliyan 500 cikin kwana biyu, a lokacin da talakawa ke zanga-zangar tsadar rayuwa. An kuma yi jayayya kan ko a kafa kibiya ta zamani. A watan Yuli na 2020 aka yanke shawarar mayar da kome yadda yake, da itace da dalma da dutse.

Kuɗi kaɗai ba zai iya wannan ba, sai da abin dubawa. Zane-zanen Viollet-le-Duc suna nan a ajiye. Wani masanin tarihin gini mai koyarwa a Amurka, Andrew Tallon, ya auna majami'ar da na'urar haske, tabo bayan tabo, kafin rasuwarsa a 2018. A 2014 wasu matasan magina biyu, Rémi Fromont da Cédric Trentesaux, sun shiga kurmi sun auna gumagumansa sun zana yadda aka haɗa su, a matsayin aikin makaranta. Babu wanda ya san ranar da wannan aiki zai yi amfani, sai ga shi bayan shekara biyar ya zama madubin masassaƙa.

Sai kuma hannu. An samu masassaƙan da ba su yar da gatari ba, wasunsu sun koyi aikin a Guédelon, inda tun 1997 ake gina wata fada da kayan aikin ƙarni na 13 kawai. Maƙera suka ƙera musu gatura na musamman. An saro itatuwa fiye da 1000 daga dazuzzukan Faransa, aka fafe gumaguman sabon kurmi da hannu. Kafin wannan sai da aka kwance tsohuwar matakalar ƙarafa 40 000 da wuta ta narkar ta manne, ɗaya bayan ɗaya, ma'aikata na rataye da igiya. Masu tonon tarihi kuma suka samo, a ƙarƙashin daɓen tsakiya, gutsattsarin katangar nan da aka rushe a zamanin Louis na 14, da launinsu. Kimanin ma'aikata 2000 suka yi aikin, ƙarƙashin magini Philippe Villeneuve da janar Jean-Louis Georgelin, wanda ya rasu a 2023 bai ga ƙarshe ba, kamar Maurice de Sully. A sabon rufin an sa na'urorin gano zafi, da katangun tare wuta, da bututun fesa raɓar ruwa. Ranar 7 ga Disamba 2024 babban bishop Laurent Ulrich ya ƙwanƙwasa ƙofa da sandarsa, aka buɗe.

Abin da ya shafe mu

Wanda ya shiga Notre-Dame yau yana taka harsashin ƙarni na 12, yana duban tagogin ƙarni na 13, dodannin ƙarni na 19 na bisa kansa, rufin kuwa bai cika shekara goma ba. Kibiyar da ke tsaye kwafin aikin Viollet-le-Duc ce, wanda shi ma ya maye gurbin wata. Duk da haka babu mai cewa wata majami'a ce dabam, domin sanin yadda ake yin ta bai yanke ba.

Wata uku kafin a buɗe ta, a farkon Satumba na 2024, ruwan sama mai yawa ya rusa tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19. A Agusta na 2023 wani sashe na rufin masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ya rufta kan masallata. Ba mu da miliyar 555, kuma babu amfanin yin kamar muna da su. Amma abubuwa biyu daga cikin waɗanda suka ceci Notre-Dame ba su da tsada haka. Na farko awo da zane da hoto, tun gini yana tsaye: ɗaliban lise da igiyar awo da wayar hannu za su iya fara wannan a garinsu. Na biyu riƙe masu sana'a. Ƙasar da ta haifi Falke Barmu, wanda masallacinsa na Yama, a jihar Tawa, ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986, ƙasar da hasumiyar Agadas mai mita 27 take tsaye a cikinta saboda yaɓen da ake sabuntawa, ba ta rasa gwanaye ba. Sai dai gwanayen suna tsufa, ƴaƴansu kuma sun koma ga siminti da kwano, tunda a nan abinci yake. Duk sarkin maginan da ya rasu bai bar wanda ya iya ɗaurin guga ba, an yi gobarar da babu talabijin da zai nuna.

Ɗalibar da ta yi mini tambaya ta gama lise tuni. Da zan sake samun ajin nan, bayan na gaya musu abin da wuta ta ci, zan aike su gida da aiki: kowa ya nemo tsohon magini ɗaya a unguwarsu, ya zauna gabansa da takarda da alƙalami, ya tambaye shi yadda ake jera azara.